Cokalin da ke tokare kwamfutar Yaya

Yayata ta shekara goma sha tara tana buga takardu a ofishi ɗaya. Kwamfutarta ta tafi-da-gidanka tana da mugun hali: in an rufe murfin ta yi barci, ko ta farka ba ta kama intanet sai an kashe an kunna. Ta kai kuka har ta gaji, ba a gyara ba, sai ta riƙa tokare murfin da cokalin shayi.

Sabon manaja, sarkin iyayi, ya zare cokalin ya rufe. Wasiƙar gaggawa ta makara, ya kira ta malalaciya a gaban jama'a.

Yaya ta miƙa hannu.

"Yallaɓai, ba ni cokalina. Ya girme ka a ofishin nan."