Gatari da Ƙoƙon Ulises

Wilmar Fagúndez ya shafe shekara goma sha huɗu yana buga tsakiya da lamba biyar a bayansa, kuma duk wanda ya taɓa ganinsa a fili ya san ba ƙwallo ce ta kai shi ba, ƙafafun mutane yake bi. Shi ya sa har yau a garinsu Durazno ba mai ce masa Wilmar, sai Gatari. Gogan naka kuwa ya riƙe sunan kamar sarauta aka naɗa masa.

Ya buga wa ƙananan kulob-kulob na Montevideo, ya leƙa Ecuador aka koro shi tun kakar wasa ba ta ƙare ba. Ƙwallo ɗaya tak ya taɓa ci, ita ma gwiwarsa ta buga ta faɗa raga. In shi ke ba da labarin, daga tsakiyar fili ya narko ta, kuma kowace shekara nisan sai ya ƙaru.

Abin da ba ya ba da labarinsa shi ne ƙafar Ulises Techera. Tare suka taso a kulob ɗin unguwar tashar jirgin ƙasa. Ulises ya fi shi iya ƙwallo nesa ba kusa ba, har an fara raɗe-raɗin za a ba shi lamba biyar. Wata safiya a wajen atisaye, ba ma wasa ba, Gatari ya shigo masa ta baya da ƙafa biyu. Daga ranar Ulises bai sake taka leda ba, har ya tsufa yana ɗingishi. Gatari bai je asibiti ba, bai je gida ba. Duk wanda ya tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Ni ƙwallo na je wa."

Yanzu duk sun yi furfura. Kowace Lahadi tsofaffin 'yan wasa na zama ƙarƙashin rumfar kulob ɗin, Ulises ne mai zuba musu shayin mate, wani ganye mai ɗaci da ake jiƙawa a ƙoƙo ɗaya kowa ya sha. Ya cika ƙoƙo da ruwan zafi daga fulas, ya miƙa wa na damansa, wannan ya zuƙe ta bututun ƙarfe ya mayar, a cika wa na gaba. Har baƙo mai wucewa ana miƙa masa. In an zo kan Gatari sai hannun Ulises ya tsallake shi kamar kujerar ba kowa.

Gatari yakan zo da nasa ƙoƙon da fulas a hammata, ya ce wai shi ba ya son yawun mutane. Ƙarya yake yi. Idonsa na bin ƙoƙon nan daga hannu zuwa hannu, duk ya wuce shi sai ya haɗiye yawu. Abin yana cin ransa fiye da duk jan katin da aka taɓa ba shi.

Ranar da kulob ɗin ya yi bikin tunawa da kafuwarsa, an baza nama kan garwashi, Barreto tsohon mai tsaron ragarsu ya dafa kafaɗar Ulises. "Haba ɗan'uwa, mun kusa kabari fa. Ba shi ya sha mana, ko don mu huta da wannan fuskar tasa."

Ulises ya jawo ƙoƙon gabansa. Ya zubar da tsohon ganye, ya sa sabo, ya gyara zaman bututun a tsanake, ya shanye na farko mai ɗaci da kansa. Ya sake cikawa, ya ɗingisa har gaban Gatari ya miƙa masa.

Ko yaron goye a garin nan ya san abin da ya rage: ka zuƙe, ka mayar, kada ka taɓa bututun, kada ka riƙe ƙoƙon mutane kana surutu. Amma Gatari ya ga ido ya dawo kansa, abin da ya daɗe bai samu ba. Sai ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida. An daɗe ana ɓata mini suna a garin nan. Mu a zamaninmu ƙwallo ta maza ce, wanda ƙashinsa bai yi ƙwari ba sai ya zauna gida wajen uwarsa."

"Kai Gatari, sha ka ba da!" in ji Barreto. "Ƙoƙo ne, ba lasifika ba."

Ina! Bakin ya riga ya buɗe. Yana magana yana juya bututun cikin ganyen kamar mai dama koko, har ganyen ya dagule ya taso saman ruwa. Ya dubi Ulises, ya ɗaga kai. "Duk da haka ni ba mai riƙo ba ne. Ulises, duk abin da ka faɗa a kaina, na yafe maka."

Wani ya tuntsire da dariya ya yi sauri ya toshe baki. Barreto ya dafe kai.

Ulises ya miƙa hannu. Gatari ya zaci musabaha ce, har ya fara washe baki. Ƙoƙon kawai Ulises ya zare daga hannunsa. Ya leƙa ciki, ya kifar da shi a gefen garwashi, ruwan ya yi cuuu.

"Ko kurɓa ɗaya ban yi ba fa," in ji Gatari, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na gani," in ji Ulises. "Wannan ma ka lalata shi."

Ya koma kujerarsa, ya sa sabon ganye, ya cika, ya miƙa wa Barreto. Gatari ya zauna. Ƙoƙon ya zagayo, ya wuce ta gabansa, ya tafi hannun na kusa da shi.