Kawu Ɗan Tambai da Ƙwan Jimina

Duk ɗan Dakoro ya san yadda Kawu Ɗan Tambai ke tarbar shamuwa. Ranar da ta farko ta sauka kan tsamiyar ƙofar gidansa, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa: "Hajiya, barka da hanya! Ina kika baro muna ruwan?" In ka yi dariya ya harare ka: "Kai mi ka taɓa kawowa?"

Amma jimina ce damuwarsa. "Shamuwa na da dangi, ko yaro marar ji ba ya jifanta," in ji shi. "Jimina marainiya ce. Gashinta na mafici, ƙwanta na kan ɗaki, ita kuma tana ina?" Ya ce da yana yaro garke-garke ake gani a arewa. Ban ƙirga ba, ba zan rantse ba, amma ni sau biyu kawai na taɓa ganinta.

Wani ɗan kasuwar Maraɗi ya taɓa yi masa fifita da maficin gashin jimina, ana tsananin zafi. Kawu ya ja tabarmarsa cikin rana. "Gara in narke, Alhaji!"

Bayan samun mulkin kai, ina gama lakwal, makarantar boko, aka ɗauke ni aikin rubutu a biron kumandan, ofishin mai mulkin yankinmu. Wata na biyu ya kira ni. Yana son ƙwan jimina zai ba baƙo, kuma an ce kawuna ya san inda take kwanci. Na gane zancen: ko in kawo ƙwai, ko in rasa aikina.

Abin mamaki, Kawu ya ce, "Mu tafi!" Tun hantsi yake jan mu cikin daji, ni da gardi biyu, dogaran kumandan, har la'asar. Sai ga mu gindin tsamiyarsa.

"Ga ƙwai can sama. Ku hau."

Gardin suka ja baya. "Na shamuwa? A'uzubillahi, Baba!"

"To, ku shaida ma kumandan jimina ma uwa ce."

Kumandan bai kore ni ba, ya dai mayar da ni sharar ɗakin takardu. Daga baya na roƙi Kawu ya gwada mini wurin kwancin jiminar, ni kaɗai. Ya ce, "Kai ɗan lakwal ne, komi sai ka rubuta." Da sirrinsa ya rasu.

Kwanan baya wani makiyayi ya ce mini ya ga sawun jimina, da ƙananan sawu a baya. Ban tabbatar ba. Ban kuma rubuta ba.

Bana da shamuwa ta sauka, na duba hagu da dama, na tuɓe takalmi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba shi inuwar da ta fi ta tsamiyarsa.