Jakin Fannami Ya Fi Shi Ladabi

Tun kafin Turawa su san hanyar Haɗejiya, akwai wani mai sayar da kifi, Fannami, wanda kullum yake ɗauko ɗanyen kifi daga bakin kogi zuwa kasuwa a kan jakinsa.

A lokacin, doka ɗaya ce ga mahayin jaki: in ka haɗu da babba, ka sauka, ka gaishe shi, sannan ka koma. Fannami ya riƙe dokar nan har jakinsa ya haddace ta. Da jakin ya hango furfura sai ya ja birki da kansa. Garin kuwa Allah ya albarkace shi da tsofaffi, don haka kifin Fannami yakan isa kasuwa bayan warinsa.

Ran nan rana ta yi sama, kifi ya fara magana cikin mangala. Sai ga Malam Shu'ibu tafe da sandarsa, mahaifin Falmata, wadda Fannami yake neman aurenta, ba a kuma ba shi amsa ba. Malam mutum ne mai doguwar gaisuwa. Sai ya tambayi lafiyar kowa, har awaki. Fannami ya jawo malafarsa ya rufe fuska, wai gyangyaɗi yake, ya zunguri jaki da dunduniya.

Jaki ya zo daidai gaban Malam ya tsaya cak.

Fannami ya sake zungura. Jaki ya sunkuyar da kai. Sauka ta gagara, tunda mai barci ba ya sauka, sai Fannami ya ƙara da minshari.

Malam ya dubi jakin ya ce, "Sannu, ɗan albarka. Ya gajiya? Ya kaya? In maigidanka ya farka, ka ce ina gaishe shi." Ya wuce.

Mata masu ɗebo ruwa sun gani, don haka kafin la'asar gari ya ji.

Da iyayen Fannami suka koma neman amsa, Malam ya ce, "Na bayar. Gidan da ya yi wa jaki wannan tarbiyya ba zai wulaƙanta 'yata ba."

Aka yi biki. Amma daga ranar Fannami bai ƙara hawa jaki a cikin ganuwa ba, sai dai ya ja shi a ƙasa. Har ya yi furfura, abokan wasansa in sun tare shi, jakin suke fara gaisarwa, sannan su ce, "Af, Fannami, ashe ka tashi?"