Noelene da Hon ɗin Motata

Duk garin Tarnagil babu wanda ba ya yabon Noelene Prowse, har mutanen garinmu na Moorlan ma da yawa suna taya su. Ni dai ban shiga sahunsu ba. Ba ta taɓa yi mini laifin da zan iya nunawa da yatsa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Tare muka yi firamare da ita. Ubanta mai aske gashin tumaki ne, yau yana wannan gona gobe yana waccan, ta tashi a gidan haya mai yoyo. Ta auri wani manomin alkama, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Tegan. Maimakon ta zauna a tausaya mata, sai ta kama tuƙin motar 'yan makaranta. Yau duk ɗan wasan ƙwallon da ke sanye da shuɗi da rawaya na Tarnagil ya taɓa zama a bayanta yana sharar majina. Ita ke riƙe da ɗakin sayar da abinci a filinsu, ita ke wanke rigunan wasa, ita ta san wanda gwiwarsa ke ciwo da wanda matarsa ta tafi. Ba ta taɓa buga ƙwallo ba, amma har koci yana leƙawa ta tagarta ya ji ra'ayinta. Ni kuwa na yi wa Moorlan wasa har ƙafata ta lalace, abin da na samu shi ne hotona a bangon ɗakin ƙungiya kusa da ƙofar bayan gida.

Ɗana ɗaya ne, Brodie. Tun yana ƙarami nake kai shi fili a tsohuwar a-kori-kurata. Ƙwallonmu ba ta ƙafa zalla ba ce, ana cafe ta da hannu, kuma maki ake ƙirgawa. Ranar Asabar kowa yakan jera motarsa a bakin shinge, 'yan gida a gefe ɗaya, baƙi a ɗaya gefen, in naku ya ci ƙwallo sai ku danna hon. Hon ɗin motata kukan tunkiya mai mura yake yi, ko cikin motoci nawa ne sai ka ware shi. Duk ƙwallon da Brodie ya ci wa Moorlan, kafin ya rungumi kowa sai ya waiwayo wajen wannan kukan.

Sai ya auri Tegan. Ya koma Tarnagil, ya kama gonarsu, ba a jima ba ya cire kore da farin Moorlan ya sa rigarsu. Ranar da ya zo gaya mini, na ce masa ya je, amma ya sani motata ba ta yi wa shuɗi da rawaya kuka. Na cika maganata. Tun daga nan hirarmu ba ta wuce ruwan sama da farashin tumaki. Ita kuwa Noelene kullum yana teburinta, har ina jin yana ce mata Mama, alhali uwarsa tana kwance a maƙabartar Moorlan.

Abin da ya rage mini shi ne jikata Hattie. A wajenmu in yaro ya ɗauki ƙungiya, ya ɗauka ke nan har kabari, Hattie kuma ba ta yanke ba tukuna. Na saya mata mayafin wuya kore da fari. Noelene ta saƙa mata shuɗi da rawaya da hannunta, har da sunanta a jiki. Na shago da na hannu, kowa ya san wanda yarinya za ta fi so.

Bana abin ya zo da zafi. Tarnagil kusan duk shekara suna shiga wasannin fidda gwani, har sun daina murna, suna maganar kamar zuwa kasuwa. Mu kuwa rabonmu da shiga tun gashin kaina yana baƙi. Amma a ƙarshen kakar wasa muka farfaɗo, su kuma suka yi tuntuɓe, sai ga shi wasan ƙarshe tsakaninmu ne, a filinmu: wanda ya ci ya samu gurbin da ya rage, wanda aka ci ya rataye takalma sai baɗi. Mako guda a Moorlan ba a yi wata magana ba sai ta wasan. Mai gidan burodi ya rina fankensa kore. Tsofaffin da suka rantse sun daina zuwa kallo suna ta tambayar ko za a yi ruwa.

Ranar wasan da safe na kafa motata a wurina. Ina zuba shayi daga filas sai ga Noelene ta ratso fili cikin takalmin roba, tana riƙe da hannun Hattie, wuyan yarinyar babu mayafin kowa. Ta ce an roƙe ta ta taimaka a ɗakin abincin filinmu, aiki zai yi mata yawa, ko zan riƙe yarinyar yau.

Na ce, “Ke da kanki? Me kika ƙulla?”

Ta ce, “Merv, tsufa bai rage maka komai ba. Karɓi jikarka, kada ka cika ta da alewa.”

Na naɗa wa Hattie kore da fari, na zaunar da ita a kan cinyata bayan sitiyari. Muka ci ta farko, na kama hannunta muka danna tare, ta ƙyalƙyale da dariya. Muka ci ta biyu, ta danna da kanta. Na hango tagar ɗakin abinci can nesa, raina fes, ina cewa yau dai na rama. Brodie kuwa 'yan bayanmu sun ɗaure shi tamau, bai ga ƙwallo ba. Ya tsufa da wasa, kowa ya san kakar wasansa ta ƙarshe ke nan. Ban ji tausayinsa ba, ko dai na hana kaina ji.

A zangon ƙarshe muna gaba da maki uku, fili ya zama taɓo, mutanenmu sun fara fitowa daga motoci. Wani ɗan Tarnagil ya ɗaɗa ƙwallo sama ba tare da ya duba ba. Brodie ya taka bayan ɗan wasanmu ya cafe ta a ƙirji. Kafin ya miƙe jiniyar tashi ta yi kuka. Tunda ya riga ya cafe kafin jiniya, dokar wasan ta ba shi bugu ɗaya, in ta bi tsakanin sandunan tsakiya maki shida ne. Ya goge ƙwallon da rigarsa, ya ja baya, ya buga. Alƙalin raga ya ɗaga fararen tutoci biyu, alamar ta shiga.

Gefen Tarnagil ya kaure da hon. Gefenmu tsit, kamar an yi rasuwa. A cikin wannan shirun ne Hattie ta ɗora hannu biyu a kan sitiyarina ta danna iya ƙarfinta. Tunkiyar ta yi ta kuka a tsakiyar motocin Moorlan. Maƙwabcina na dama, wanda muka yi wasa tare, ya sauke gilashi ya ce ashe haka nake, ya ɗaga gilashinsa. Na kai hannu zan janye ta, sai na ga Brodie.

Abokansa sun rufe shi, amma ya ture su, ya juyo yana neman inda kukan yake. Ya taho a guje cikin taɓo har bakin shinge, ya zuro kai ta taga, numfashinsa na wari, idonsa ya yi ja. Ya kama ƙeyata ya haɗa goshinsa da nawa.

Ya ce, “Baba, na ji ka.”

Hattie na kallona. Ban gaya masa ita ce ta danna ba, na riƙe wuyansa na bar shi a haka.

Da mutane suka fara watsewa na tambayi Hattie wa ya ce ta danna. Ta ce Kaka Noelene ce ta ce duk lokacin da Babanta ya ci, ta danna hon ɗin Kaka Merv, kada ta saki sai ya waiwayo. Ta cire mayafina ta ninke ta ba ni, ta ce yana yi mata ƙaiƙayi.

Noelene ta zo ɗaukarta da burodin nama mai zafi a takarda, ta ajiye mini a kan kujera. Ta ce gobe Lahadi akwai gasasshen rago a gidanta, Brodie ya ce a ajiye mini wuri kusa da shi. Ba ta yi murmushin nasara ba, da ta yi da na samu abin riƙewa.

Na je. Na zauna kusa da ɗana, ya yi ta zuba mini nama yana ba ni labarin bugun nan, jikata tana gefe cikin shuɗi da rawaya. Shekaru ina jiran wannan zaman, kuma a teburin Noelene na same shi. Naman ma, don takaici, ya fi nawa daɗi.