Ranar da Injiniya Ya Share Laftof Ɗinsa

A layinsu Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama injiniya ba. Mai zanen gine-gine ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wani ofishi a hawa na biyu, yana zana wa mutane gidajen da ba a taɓa gayyatarsa ya gani ba. Tun yana gyara wa mutane sunan har ya gaji ya bari.

Matarsa ta rasu bayan ya yi ritaya da shekara guda. 'Yarsu ɗaya, tana aure a nesa, ran Lahadi take kira. Gidan ɗaki huɗu ne, a ɗaya yake zaune, sauran sai dai ya buɗe su su sha iska.

Wata Laraba mai kantin magani na tsallaken titi ya leƙo, ya ce yana so ya ɗora ɗaki biyu a kan kantinsa. Rabon da wani ya nemi aikin Injiniya shekara biyu ke nan. Injiniya ya ce a ba shi mako guda. Ran nan har aski ya je.

Da ya kunna tsohuwar laftof ɗinsa, fankarta ta dinga ƙara kamar injin niƙa. Ya kife ta a kan tebur, ya kwance kusoshin ya tara a faranti. Ƙura ta daskare a ciki kamar auduga. Ya share da tsohon buroshin haƙori. Da ya ɗaga wani siririn bututun jan ƙarfe, sai ya ga wani abu mai launin toka ya bushe a ƙarƙashinsa. Ya sa hankici ya goge har wurin ya yi ƙyalli.

Da ya haɗa ta ya kunna, ƙarar ta ragu, amma da ya fara juya zanen ginin a allo don ya duba bayansa, gefen laftof ɗin ya ɗau zafi, hannu ba ya taɓuwa. Korayen layuka suka cika allon, ta mutu. Ya ɗora ta a kan murafun kwalba, ya juyo mata fankar ɗaki, duk a banza. Da 'yarsa ta kira ta ce muryarsa wata iri, sai ya ce mura ce.

Ran Litinin ya kai ta wurin wata mai gyara a bakin kasuwa. Ta tambaye shi wa ya buɗe ta, ya ce wani ne. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, wanin nan naka ya cika tsafta. Abin da ya goge ba datti ba ne, mai ne. Shi yake ɗauke zafi daga ɓangaren da ke sarrafa hoto."

Ta ɗiga sabon mai, ta mayar da bututun. Aikin minti goma, amma Injiniya ya yi awa biyu yana yi mata bayanin yadda ake auna matakala, tana aiki tana amsawa. Sai da ya ga mutum uku a tsaye ya gane kujera ɗaya ce a shagon, shi kuma ya tare ta.

Cikin kwana biyu ya gama zanen. Da ya tsallaka da takardar, ya tarar an sauke bulo. Mai kantin ya sosa ƙeya, ya ce ya ji shiru, ya ɗauka an manta, wani magini ya riga ya zana masa a bayan kwali. Injiniya ya duba kwalin, ya ce matakalar ta yi tsaye da yawa, tsofaffi ba za su iya hawa ba. Mutumin ya gyaɗa kai, idonsa na kan masu sayayya. Injiniya ya ajiye takardar a kan teburin kantin ya fito.

Daga nan ya mayar da kujerarsa bakin taga, yana kallon aikin kullum. Sau biyu ya hango maginin ya zaro wata takarda daga aljihu, ya duba, ya mayar. Daga nesa bai iya gane ko tasa ba ce, bai kuma tsallaka ya tambaya ba.