Ranar da na cire kaina daga lissafin injin Kawu

Ko tsufa ya sa na fara mance sunayen jikokina, wani yini da na yi a Kalgo ba zai fita raina ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe a karatun akanta, kaina cike da dokokin haraji, ina ji da kaina sai ka ce ni na rubuta su. Kawuna, wan mahaifiyata, yana da injin casar shinkafa a Kalgo, kuma tun rasuwar mahaifinmu a Gwandu shi ke ɗauke da karatuna. Dangi kaf sun san abin da ake jira, wato in gama in dawo in riƙe masa injin. Ni kuwa wani ofishin binciken kuɗi a Kaduna ya riga ya yi mini alkawarin aiki, amma na kasa buɗe baki in faɗa masa. Wallahi nauyinsa nake ji ba kaɗan ba.

Da lokacin bayyana riba ga hukumar haraji ya zo, sai ya aika aka kira ni. Muka zauna a rumfa, inji na ruri, dusa na sauka kan hulunanmu. Kawu ba ya rubutu, da ka yake jero abin da ya kashe, ni ina tacewa. Man inji ya shiga, ladan ma'aikata ya shiga, gyaran bel ma haka. Sai ya kawo ragon layya da buhunan shinkafar da yake aika wa Inna, mahaifiyata.

Na ce, "Kawu, wannan hidimar gida ce. Abin da aka kashe don sana'a kaɗai ake cirewa daga riba kafin a yanka haraji."

Ya bushe da dariya. "Kai, boko! Har ragon nawa sai an leƙa? To, mu je zuwa. Sai kuɗin makarantarka. Wanga kam na inji ne, tunda injin za ka dawo wa."

Nan biro ya tsaya cak a hannuna. In na sa, na karya doka, na kuma yi masa alkawarin ƙarya. Na sunkuyar da kai na ce, "Ba zai shiga ba, Kawu. Ni ba ma'aikacin inji ba ne, ɗan ƙanwarka ne. Kuma... an ba ni aiki a Kaduna."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya cire hularsa ya kakkaɓe, ya mayar.

"Wato dokarku ta ce kai ba na inji ba ne?"

"Haka ta ce."

"To ta fi ni gaskiya. Sa shi cikin hidimar gida, can ne wurinshi. Mi za ka buƙata na tafiyar?"

Hawaye suka zubo mini. A shekarar nan harajin da ya biya ya ƙaru saboda abin da na cire, bai kuma taɓa yi mini gori ba har Allah ya karɓi ransa. Injin kuwa wani mutumin garin Dangoma ya ɗauka aiki ya riƙe masa.

Yanzu ni ke koya wa ɗalibai raba kuɗin gida da na sana'a, amma darasin da na samu a rumfar nan ya wuce haraji. Wanda ya yi maka alheri, ka faɗa masa gaskiya da wuri. Ni na daɗe ina ɗaukar kaina a matsayin jarin Kawu, ashe shi ɗa ya ɗauke ni.