Jan Biron da Na Sa a Littafin Jikata

Mutanen unguwarmu ta Tandabawi sun daɗe suna cewa ba za a taɓa jin na ce na yi kuskure ba. Ɗaliban da na koya wa lissafi kafin in yi ritaya sun faɗa, marigayiya uwar 'ya'yana ma ta faɗa. Ina jin su, kuma a raina yabo nake ɗaukarsa.

Jikata tana jami'a, tana karanta yadda ake koya wa na'ura hasashe. Wata rana ta bar littafinta a falo, na buɗe, na ga harafin P, sai baka, a ciki haruffa biyu da tsayayyen layi a tsakaninsu. P ɗin na sani, yiwuwa ce. Layin ne ban taɓa koyarwa ba. Aikinta a kan alhazan da zafi ke sumarwa a Arfa ne, kuma ta rubuta abu biyu dabam: yiwuwar suma idan mutum tsoho ne, da yiwuwar tsufa idan mutum ya suma. Na ɗauki jan biro na soke ɗaya, na rubuta cewa duk ɗaya ne.

Ta ce, "Ya jaddi, kakana, malaminmu fa ya bambanta su."

Na ce tun ba a haifi malamin nata ba nake riƙe da alli. A gaban mahaifinta na faɗa, shi ya sa ta ɗauki littafinta ta wuce. Yadda na gyara ta miƙa aikin, aka kayar da ita. Ƙawayenta suka wuce, ita za ta maimaita darasin. Ba ta gaya wa kowa hannun wa ya shiga littafin ba.

Bayan makonni na daure na ce ta bayyana mini layin.

Ta ce, "Abin da ke bayan layin shi aka riga aka sani. A ce yawancin masu suma tsofaffi ne. To kai, angona, sau nawa ka tsaya Arfa da furfurarka?"

"Da yawa."

"Ka taɓa suma?"

"Ban taɓa ba."

"Halas, shi ke nan. Ka ga ba ɗaya ba ne."

Ta yi dariya, ni na kasa. Na sa aka kira mahaifinta, domin a gabansa na ƙasƙanta ta. Na ce mata, "Ke ce da gaskiya. Na yi kuskure, na jawo miki asara, ki yafe mini."

Furucin bai dawo mata da watannin da za ta maimaita ba. Duk da haka ina so a rubuta ranar, kuma ita za ta rubuta, da jan biron nan: Alhamis ta farko a watan Safar, bayan la'asar.